FASHIN BAƘI: Kafin a yi wa sojan waje maraba a Zamfara, a dubi abin da yaƙin Libiya ya bari

A daren 25 ga Disamba, 2025, Amurka ta harba makamai cikin Jihar Sakkwato. Gwamnatin Tarayya ta ce da saninta da yardarta aka kai harin, kuma sansanonin 'yan ta'adda aka nufa a Ƙaramar Hukumar Tangaza. Tarkacen wani makami ya faɗa kusa da garin Jabo a Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Makonni kaɗan kafin wannan dare, Shugaba Donald Trump ya yi barazanar tura sojojinsa Najeriya bisa iƙirarin cewa ana yi wa Kiristoci kisan gilla, iƙirarin da gwamnatin Najeriya ta musanta.

Tun daga lokacin muhawara ta kaure tsakanin matasa, a shafukan sada zumunta da majalisun hira, daga Gusau har Anka, Gummi, Bukkuyum da Gwashi. Wani ɓangare na cewa wanda ya shekara goma yana biyan harajin noma ga ɗan bindiga ba shi da sauran abin da zai yi asara, don haka ko wane ne zai kawo ɗauki, ya zo. Ɗaya ɓangaren na cewa sojan waje bai taɓa shiga ƙasa ya fita ya bar ta da lafiya ba.

Sau da yawa ɓangarorin biyu kan haɗa tambayoyi biyu su mayar da su ɗaya. Ta farko ita ce ta hujja: shin akwai dalilin da ya halatta a kai farmaki? Ta biyu ita ce ta shiri: idan an kai, wa zai riƙe ƙasa washegari? Ana iya samun hujja a rasa shiri, kuma misali mafi kusa da mu shi ne yaƙin da ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi a Libiya a 2011. Najeriya na cikin waɗanda suka ɗaga hannu aka amince da shi, sannan ƙurarsa ta biyo hamada ta iso yankinmu.

Yadda aka kai ga ƙuduri mai lamba 1973

Zanga-zangar Libiya ta faro ne a birnin Bengazi a ranar 15 ga Fabrairu, 2011, bayan kama lauya Fathi Terbil, wanda ke wakiltar iyalan fursunonin da aka kashe a kurkukun Abu Salim a 1996. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda aka hallaka a wancan kurkuku da kimanin mutum 1,200. Cikin 'yan kwanaki zanga-zangar ta rikiɗe ta zama tawaye da makami, gabashin ƙasar ya suɓuce daga hannun Mu'ammar Gaddafi, wanda ke mulki tun 1969.

A ranar 26 ga Fabrairu, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1970, ya haramta sayar wa Libiya makamai, ya kuma miƙa lamarin ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. A ranar 12 ga Maris, Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta nemi a hana jiragen Gaddafi tashi. Lokacin nan dakarun gwamnati sun ƙwace garuruwa da dama, sun doshi Bengazi, birni mai mutum kusan 700,000, Gaddafi kuma ya fito yana alwashin za a bi gida-gida a zaƙulo 'yan tawaye ba tare da tausayi ba.

Ranar 17 ga Maris aka zartar da ƙuduri mai lamba 1973. Ƙasashe 10 suka amince, biyar suka ƙaurace: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Brazil. Ƙasashen Afirka uku da ke cikin kwamitin a lokacin, wato Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon, duk sun jefa ƙuri'ar amincewa. Ƙuduri a wannan kwamiti na bukatar ƙuri'a tara kafin ya wuce, ke nan da biyu daga cikin ukun nan sun ƙaurace, da bai wuce ba. Ƙudurin ya ba da izinin ɗaukar duk matakin da ya wajaba don kare farar hula, ya hana shawagin jirage, amma ya haramta girke sojojin mamaya kowane iri a ƙasar Libiya.

Kwana biyu bayan haka jiragen Faransa suka fara ruwan wuta. NATO ta karɓi ragamar yaƙin a ranar 31 ga Maris, ta yi shawagi sama da 26,000 cikin wata bakwai, kimanin 9,700 daga ciki na kai hari ne. Turabulus, babban birnin ƙasar, ta faɗa hannun 'yan tawaye a watan Agusta. An kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, NATO kuma ta naɗe tabarmarta ranar 31 ga watan.

Abin da masu goyon baya ke kafa hujja da shi

Masu kare wannan yaƙi suna da hujjoji uku da bai kamata a raina ba. Ta farko ita ce doka. Saɓanin mamayar Iraƙi a 2003, wadda Amurka da Birtaniya suka yi ba tare da sahalewar Kwamitin Sulhu ba, farmakin Libiya ya samu ƙuduri, ya kuma samu kiran maƙwabta Larabawa.

Ta biyu ita ce darasin Ruwanda. A 1994 duniya ta zuba ido aka kashe mutum kimanin 800,000 cikin kwana ɗari. Wannan abin kunya ne ya sa shugabannin duniya suka amince a 2005 cewa idan gwamnati ta gaza kare al'ummarta daga kisan ƙare dangi, ko ita ce ma ke kisan, alhakin kariya na iya komawa kan sauran ƙasashe. Kundin kafa Tarayyar Afirka ma ya tanadi irin wannan dama a sashe na 4.

Ta uku ita ce ƙurewar lokaci. Tankokin gwamnati sun kai bakin Bengazi, mai mulkin da ya aiko su kuma yana da tarihin Abu Salim a bayansa. A ganin masu wannan ra'ayi, wanda ya ce a jira a ga ko zai cika alwashinsa, da rayukan wasu yake caca.

Abin da masu adawa ke cewa

Suka mafi nauyi ta fito ne daga cikin gidan waɗanda suka yi yaƙin. A ranar 14 ga Satumba, 2016, kwamitin harkokin waje na Majalisar Dokokin Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Crispin Blunt, ɗan jam'iyya ɗaya da tsohon Firayim Minista David Cameron, ya fitar da rahoton bincikensa. Rahoton ya ce ba a gina matakin bisa sahihan bayanan sirri ba, an zuzuta barazanar da farar hula ke fuskanta, kuma ba a tantance cewa akwai masu tsattsauran ra'ayi da dama cikin 'yan tawayen ba. Ya yi nuni da cewa lokacin da dakarun Gaddafi suka sake ƙwace garuruwa irin su Ajdabiya, ba su yi wa mazauna kisan kiyashi ba. A ƙarshe ya ɗora wa Cameron alhakin rashin tsayayyar manufa.

Suka ta biyu ita ce sauya alƙibla. Izinin kare farar hula aka bayar, amma a tsakiyar Afrilu, Barack Obama da David Cameron da Nicolas Sarkozy suka wallafa maƙala ta haɗin gwiwa suna cewa babu makomar Libiya muddin Gaddafi na kan mulki. A watan Yuni Faransa ta amsa cewa ta jefa wa 'yan tawaye makamai ta sama a tsaunukan Nafusa, duk da takunkumin makamai. Daga baya Ƙatar ta bayyana cewa ɗaruruwan sojojinta sun yi aiki a ƙasa tare da 'yan tawayen. Rasha da Sin sun riƙe wannan a matsayin yaudara, kuma ya shiga cikin dalilan da suka riƙa kafawa wajen hawa kujerar naƙi a kan Siriya.

Ta uku ita ce ture hanyar sulhu. Tarayyar Afirka ta kafa kwamitin shugabanni biyar: na Afirka ta Kudu, Mali, Muritaniya, Kwango da Uganda. Sun shirya shiga Libiya a daidai lokacin da aka fara ruwan bama-bamai, hanin shawagi ya tare su. Da tawagar ta samu isa Turabulus ranar 10 ga Afrilu, Jacob Zuma ya sanar cewa Gaddafi ya karɓi taswirar sulhu. Washegari 'yan tawaye suka yi watsi da ita a Bengazi, domin ba ta ce ya sauka nan take ba. Wanda jiragen NATO ke rufa wa baya ba shi da dalilin sassautawa. Najeriya kanta ta amince da majalisar 'yan tawaye a watan Agusta, tun kafin Tarayyar Afirka ta yi hakan.

Akwai kuma farar hular da aka je karewa. Human Rights Watch ta tattara bayanan aƙalla mutum 72 da hare-haren NATO suka kashe, 34 daga ciki a ƙauyen Majer a dare ɗaya cikin watan Agusta.

Har yau masana na saɓani a kan tambayar hujja, domin babu mai iya tabbatar da abin da zai faru a Bengazi da ba a kai farmakin ba. A kan tambayar shiri kuwa, saɓanin kaɗan ne.

Shirin da ba a yi ba

A watan Afrilu na 2016, an tambayi Obama a tashar Fox News wane ne kuskurensa mafi muni a mulki. Ya ce rashin tanadar abin da zai biyo bayan kifar da Gaddafi, ko da yake ya nace cewa shiga yaƙin daidai ne. Shugaban da ya ba da umarnin harin ne da kansa ya raba tambayoyin biyu, ya riƙe hujja, ya amsa gazawa a shiri.

Gaddafi ya shekara 42 yana raunana duk wata hukuma da ka iya zame masa kishiya. Babu jam'iyyu, babu majalisa mai iko, rundunar soja kuma an karya ta an fifita rundunonin da 'ya'yansa da makusantansa ke jagoranta. Da ya faɗi, babu abin da ya rage a tsaye sai ɗaruruwan ƙungiyoyin mayaƙa, kowace da garinta da ƙabilarta. Ƙasashen Yamma, da ɗacin Iraƙi a bakinsu, ba su son tura sojan ƙasa, sabbin shugabannin Libiya ma ba su so. Maimakon a karɓe makaman mayaƙan, sai gwamnatin riƙo ta sanya su cikin jerin masu karɓar albashi, yawansu ya ninka.

An yi zaɓe a Yulin 2012, aka yi murna. Wata biyu bayan haka aka kashe jakadan Amurka Christopher Stevens a Bengazi. A 2014 ƙasar ta dare gida biyu, gwamnati a gabas, gwamnati a yamma. Ƙungiyar IS ta riƙe Sirte daga 2015 zuwa ƙarshen 2016. Khalifa Haftar ya ƙaddamar da yaƙin ƙwace Turabulus a Afrilun 2019, aka tsagaita wuta a Oktoban 2020, zaɓen da aka tsara yi a Disamban 2021 kuma ya rushe. Baƙaƙen fata sun ɗanɗana kuɗarsu: an kori mutanen garin Tawerga baki ɗaya, dubun-dubatar 'yan Nijar da 'yan Najeriya masu neman abinci sun gudo gida hannu rabbana, a Nuwamban 2017 kuma tashar CNN ta nuna yadda ake gwanjon baƙin haure.

Hanyar da makaman suka biyo

Babban giɓin shirin shi ne rumbunan makamai. A kakar 2011, 'yan jarida da masu bincike sun tarar da manyan rumbuna a buɗe babu mai gadi. Jami'an Amurka sun ƙiyasta cewa Gaddafi ya tara makaman harbo jirage na saɓawa a kafaɗa kusan 20,000, zuwa farkon 2012 kuma kimanin 5,000 kawai aka iya tattarawa. Kwamitin Sulhu bai zartar da ƙuduri na musamman kan bazuwar makaman ba sai ranar 31 ga Oktoba, ranar da NATO ke tattara komatsanta.

Maƙwabta sun hango haɗarin tun da wuri. Idriss Déby na Chadi da Mahamadou Issoufou na Nijar sun yi ta gargaɗi tun ana tsakar yaƙin. A watan Yunin 2011 sojojin Nijar sun kama fiye da kilo 600 na abin fashewa samfurin Semtex a yankin Arlit. A taron tsaro na Dakar a Disamban 2014, Déby ya kwatanta NATO da ɗan kasuwar da ya sayar da kaya ya ƙi kula da gyaransu bayan ciniki.

Mali ce ta fara kamawa. Buzayen da suka yi wa Gaddafi aikin soja sun koma gida da motoci da manyan bindigogi. Ranar 17 ga Janairu, 2012, suka kai hari Menaka. A watan Maris sojoji suka kifar da Amadou Toumani Touré, ɗaya daga cikin shugabanni biyar na kwamitin sulhun Libiya. Ranar 6 ga Afrilu aka ayyana ƙasar Azawad, masu iƙirarin jihadi suka ƙwace arewa daga hannun 'yan awaren, Faransa ta shigo a Janairun 2013. Ƙungiyoyin da ke addabar Mali, Burkina Faso da yammacin Nijar a yau sun yi ƙarfi ne daga wannan rikici. A 2013 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce makaman Libiya sun isa ƙasashe aƙalla 12.

Daga Sabha a kudancin Libiya, hanya ta ratsa Madama da Dirku zuwa Agadas, sannan ta gangaro Tawa da Maraɗi, ta tsaya a bakin Illela da Jibiya da Zurmi. Hanyar fatake ce ta shekaru aru-aru, wadda ta ɗauki gishiri da dabino da fata, kuma bindiga ba ta fi su wuyar ɗauka ba.

Iyakar laifin Libiya

A nan sai an yi hattara. A Afrilun 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya shaida wa Babban Limamin Cocin Ingila, Justin Welby, a Landan, cewa mayaƙan da Gaddafi ya horar ne suka bazu suka tsananta kashe-kashe a Najeriya. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba.

A 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research, mai bin diddigin makamai ta lambobinsu, ta fitar da rahoto kan makaman da aka kama a Zamfara, Katsina da Kaduna. Ta gano masu alaƙa da rumbunan Libiya. Ta kuma gano waɗanda suka sulale daga rumbunan Kwaddibuwa, da bindigogin farauta ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta teku, da waɗanda suka fito daga hannun jami'an tsaron Najeriya, da ɗimbin ƙirar gida.

Tushen rikicin Zamfara a gida yake: cinye burtali da makiyaya, satar shanu, zaluncin da Fulani da manoma suka daɗe suna kuka da shi a hannun wasu alƙalai da 'yan sanda da masu sarauta, kisan ramuwa tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga, da zinaren da ke ƙarƙashin ƙasar Anka da Bukkuyum. Tun a 2010, kafin a harba harsashi ɗaya a Bengazi, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, ba tare da hukuma ta farga da wuri ba. Wannan ya nuna nisan gwamnati da waɗannan ƙauyuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rushewar Libiya ta sa bindiga ta yi araha a yankin Sahel, amma wutar da aka zuba wa wannan mai tamu ce.

Abin da ya shafi Anka, Gummi da Bukkuyum

Harin daren Kirsimeti ba mamaya ba ne, tunda gwamnatin ƙasar ta ce da yardarta aka kai shi. Amma ma'aunin da Libiya ta bari ya shafi duk wani farmaki ta sama, na baƙo ko na ɗan gida, kuma mutanen yammacin Zamfara sun riga sun ga misalinsa.

A farkon Janairun 2022, rundunar sojan sama ta Najeriya ta ce ta kashe 'yan bindiga sama da 100 a dajin Gusami da kewayensa, a gabashin jihar. Daga ranar 4 zuwa 6 ga watan, ɗaruruwan 'yan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce adadin ya kai 200, ma'aikatar jinƙai ta tarayya kuma ta ce sama da mutum 10,000 sun rasa matsuguni. Rahotanni da dama sun danganta harin da waɗanda suka tsere wa bama-baman. An yi nasara a sama, amma babu isassun dakaru a ƙasa da za su tare hanyar masu gudu.

Sahihancin bayanan sirri ma abin dubawa ne. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Maulidi. Idan ɗan gida, mai jin harshe, ya kasa bambance taron ibada da taron 'yan bindiga, aikin zai fi wa baƙo wuya. Ɗan bindigar Zamfara ba ya sanye da kaki, ba shi da bariki, sau da yawa kuma yana kewaye da mutanen da ya sace.

Akwai kuma darasin Lakurawa. Bincike da rahotanni sun nuna cewa a shekarun baya wasu shugabannin al'umma a Tangaza da Gudu ne suka gayyato waɗannan mayaƙa daga ƙetaren iyaka don su kore musu ɓarayin daji. Sun kore su, sannan suka zauna suna karɓar zakka da ƙarfin bindiga, har hedikwatar tsaro ta ayyana su a matsayin sabuwar barazana a Nuwamban 2024. Wanda aka gayyato da makami, shi ke yanke ranar tafiyarsa.

Saboda haka matashin da ke bin wannan muhawara yana da abin da ya fi zaɓen ɓangare. Yana iya tambayar ɗan majalisar da ke wakiltar Gummi da Bukkuyum, ko mai wakiltar Anka da Talata Mafara, ko sanatan Zamfara ta Yamma, abin da yarjejeniyar tsaro da wata ƙasa ta ƙunsa, da ko an gabatar da ita gaban majalisa. Wa ke zaɓen wurin da za a kai hari? Wa zai yi bincike, ya biya diyya, idan bam ya faɗa kan masu biki? Bataliya nawa za ta zauna a dajin bayan jirage sun tafi, kuma wa zai karɓe makamai daga hannun ɗan bindiga da ɗan sa-kai baki ɗaya? Wace kotu ce za ta saurari ƙarar gona da burtali, don kada rikicin ya sake tsirowa?

Kukan mutumin Gwashi da ba ya iya zuwa gonarsa hujja ce da ta isa a ɗauki mataki. A 2011 ma mutanen Bengazi suna da tasu hujjar, an kuma amsa kiransu cikin kwanaki. Tambayoyin da ba a amsa ba a lokacin su ne irin waɗannan na sama, kuma sama da shekara goma bayan kashe Gaddafi, Libiya ba ta da gwamnati ɗaya.